Bratwurst a eya-firaya: fatar na fashewa, cikin kuma bai dahu ba

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe a Jamus ku taimaka mini. Watanmu takwas da zuwa, yara suka ga bratwurst, wato sosej ɗin Jamusawa, a wajen abokansu na makaranta, suka hana ni sakat sai na yi musu. Na samo ta naman sa a wajen wani mahauci Baturke da ke sayar da naman halal. Na jera guda shida a eya-firaya, tukunyar lantarkin nan mai soya abinci da iska mai zafi, na sa digiri 200, minti 10. Kafin lokacin ya cika huɗu sun fashe, man duk ya tsiyaye ƙasa, hayaƙi ya cika kicin har ƙararrawar hayaƙin da ke silin ta fara ihu. Waje ya yi baƙi-baƙi, amma da na yanka sai na ga tsakiyar ja-ja. Sau biyu ke nan ana haka, kuma abin ya dame ni, don ba na son ɓarnar nama. Ina kuskuren yake?

Ummu_Sultan:
Wa'alaikumus salam. Wutar ce ta yi yawa 'yar'uwa. Sauke zuwa 180, ki ba ta minti 12 zuwa 15, ki juya a tsakiya. Haka nake yi kullum.

Sadiq_Nürnberg:
Maman Ilham, kafin a yi maganar minti, akwai tambaya ɗaya da ya kamata a fara amsawa: ɗanya kika saya ko wadda aka riga aka turara? Bratwurst iri biyu ake sayarwa a nan, kuma a ido ba kowa ke bambance su ba. Wadda aka rubuta wa gebrüht an riga an dafa ta a ruwan zafi tun a masana'anta, za ki gan ta fari-fari, da tauri idan kika matsa. Ita ɗumamawa da sa mata launi kawai take buƙata, minti 8 zuwa 10 ya ishe ta. Wadda aka rubuta wa roh ko frisch ɗanyen niƙaƙƙen nama ne aka ɗura a hanji, tana da laushi, kina hango naman ta cikin fatar. Wannan dole sai zafi ya ratsa har tsakiya.

Yawancin minti 10 da mutane ke faɗa na turararriyar ce. Idan kika ɗauki wannan lissafin kika ɗora wa ɗanya, abin da kika gani shi za ki gani. Kuma ta mahauta galibi ɗanya ce.

Maman_Ilham:
Malam Sadiq, babu rubutun komai a jiki, a takarda ya naɗe mini. Amma yadda ka kwatanta, ɗanya ce tabbas. Laushi gare ta sosai.

Hajiya_Rabi:
Ɗiyata, ki ɗauki tsinke ki huhhuda kowace sau uku ko huɗu kafin ki saka. Shekara goma sha ɗaya ina haka, a kasko da a tanda da yanzu a wannan tukunyar, ban taɓa ganin ta fashe ba.

Injiniya_Bash:
Hajiya, da girmamawa, ni dai ban goyi bayan hudawa ba. Gaskiya ne ba za ta fashe ba, amma me ya hana ta fashewa? Kin buɗe wa ruwan da man da ke ciki ƙofa ne suka fita. To ai su ne daɗin.

Ga abin da ke faruwa. Fatar tana bushewa tana tsukewa da zafi, a daidai lokacin da ruwan cikin naman ke zama tururi yana neman wuri. Ɗaya na matsewa, ɗaya na kumbura. Idan zafin ya zo a hankali, fatar na jurewa. Idan ya zo da ƙarfi lokaci guda, sai ta tsage. Eya-firaya kuwa ba kasko ba ce. Ƙarfe ne mai zafi a sama, da fanka mai ƙarfi tana hura iskar a ɗan ƙaramin wuri, shi ya sa digiri 200 a cikinta ya fi 200 na babbar tanda cin waje. Maganin shi ne rage wuta, ba huda ba.

Hajiya_Rabi:
Injiniya, na ji bayaninka, kuma ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ni man nan da kake cewa daɗi, ina so ya ragu ne. Maigidana likita ya hana shi maiƙo da yawa. Huda uku da tsinke ba sa busar da ita, ba wuƙa na ce a sa ba.

Injiniya_Bash:
To wannan dalili ne mai ƙarfi Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma fa man da ya fita ɗin nan shi ne ke sauka ƙasa ya yi hayaƙin da Maman Ilham ke kuka da shi.

Malam_Nura:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce, amma abin na da muhimmanci ga duk sabon zuwa da zai karanta wannan. Asalin bratwurst ta Jamusawa yawancinta naman alade ce. Wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne fatar. Za ka iya samun nama na sa ko na kaza, amma hanjin da aka ɗura shi ciki na alade ne. Ku juya bayan leda ku karanta. Schwein alade ne, Speck kitsen alade ne, Schweinedarm hanjin alade. Saitling ko Schafsaitling hanjin tunkiya ne. Idan Naturdarm kawai aka rubuta, ma'anarsa hanjin dabba, bai faɗa maka wace dabba ba, sai ka tambaya. Maman Ilham, tunda wajen mai halal kika saya ba na zargin komai, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Zee_Bonn:
Wallahi Malam Nura ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekarata ta farko na ga an rubuta Kalbsbratwurst, na duba ƙamus na ga Kalb ɗan maraƙi ne, na saka a kwandon sayayya da murnata. Wata ƙawata da muke tare ce ta karɓa ta juya bayan, sai ga Schweinefleisch da Speck a jere. Sunan yana nufin akwai naman maraƙi a ciki, ba wai shi kaɗai ba ne. Hatta shahararriyar nan ta St. Gallen a Suwizalan da ake yi wa kirari da naman maraƙi, da kitsen alade ake haɗa ta. Tun ranar ban ƙara yarda da rubutun gaba ba.

Abu_Yasir:
Kuma ko an ce naman sa zalla, sauran maganar yanka. Shi ya sa ni ban wuce wajen mahautan Turkawa da Larabawa.

Maman_Ilham:
Na gode Malam Nura, na gode Zee. Na kira shagon yanzu, ya ce naman sa ne da ɗan kitsen rago, hanjin kuma na tunkiya. Alhamdulillah. Ya kuma tabbatar mini ɗanya ce, su suke haɗawa da kansu.

Sadiq_Nürnberg:
To ga wani dalilin fashewar. Hanjin tunkiya ya fi kowane hanji sirantaka da laushi, shi ya sa yake da daɗin ci, amma ba ya jure wuta mai ƙarfi. Da shi ake yin ƙananan nan na Nürnberg, garin da nake zaune, waɗanda tsawonsu bai wuce santimita 7 zuwa 9 ba, nauyin kowace giram 20 zuwa 25. Idan taki siririya ce irin wannan, kada ki bi minti 15 na Ummu Sultan, za ta bushe. Idan kuwa mai kauri ce, to ki bi. Ni da hanjin tunkiya 170 nake farawa.

Ummu_Sultan:
Haka ne, tawa masu kauri ne. Ban yi tunanin girman ba.

Nas_Hauwa:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne "tsakiyar ja-ja", kuma yara ne za su ci. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka guda ba ne. A tsoka, ƙwayoyin cuta a waje suke, wuta na taɓa su sun mutu. Amma da zarar an niƙa, abin da ke waje ya shiga ko'ina har tsakiya. Saboda haka dole tsakiyar ta kai zafin da ake buƙata: digiri 71 ga naman sa ko rago, 74 ga kaza ko talotalo.

Don Allah ki sayi ma'aunin zafin nama, ɗan ƙarfen nan mai tsini da agogo a kansa. Ki soka shi ta bakin sosej ɗin, ya bi tsawonta zuwa tsakiya, ba ta gefe ba. Guda ɗaya za ki gwada, wadda ta fi kauri. Duk wannan muhawara ta minti 12 ko 15, kowa tukunyarsa yake faɗa miki, kuma tukwanen ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ma'aunin ne kaɗai zai faɗa miki gaskiyar taki.

Fati_M:
Anti Hauwa, ba za a iya ganewa da ido ba? Ni yankawa nake yi, in na ga ruwan da ke fita fari ne tas sai in sauke.

Nas_Hauwa:
Fati, yana taimakawa amma ba abin dogaro ba ne. Wani naman yana rikiɗa ya yi ruwan ƙasa tun bai kai zafin ba. Wani kuma ya dahu sarai amma yana nan ja, musamman idan an sa masa jan barkonon nan mara yaji ko gishirin adana nama, kamar yadda ake yi wa sucuk, sosej ɗin Turkawa. Bratwurst ta asali da gishirin girki ake yin ta, shi ya sa take yin fari-toka idan ta dahu. Ta mahaucin Maman Ilham kuwa ba mu san abin da ya zuba ba.

Aminu_Milwaukee:
Gaisuwa daga Amurka. Na karanta daga sama ina mamaki, 180 ai ko ɗumi ba zai yi ba, ni 360 nake sawa. Sai daga baya na tuna ku Salshiyas kuke lissafi, mu Faranhait. Ina faɗa ne don kada wani ya ɗauko lamba daga bidiyon Amurkawa ya rikice. 350 namu kusan 177 naku ne, 400 namu kusan 204. Shi 71 da Nas Hauwa ta faɗa shi ne 160 a nan, 74 kuma 165.

A nan jihar Wisconsin bratwurst kamar abincin gida ce, saboda Jamusawan da suka yi ƙaura suka zauna a nan tun ƙarni na 19. Garin Sheboygan ma da ita ya yi suna. Su al'adarsu su fara dafa ta a giya da albasa kafin su gasa. Ni ruwa nake sawa da albasa mai yawa da tafarnuwa, in bar ta minti 10 a wuta ƙasa-ƙasa, in tsane ta da tawul ɗin takarda, sannan eya-firaya minti 5 ko 6 don ta yi launi. Ba ta fashewa, ba ta zama ɗanya.

Zee_Bonn:
Aminu, in dai sai na ɗora tukunya a wuta, to mene ne amfanin eya-firayar? Ai don gudun wanke-wanke biyu na saye ta.

Injiniya_Bash:
Zee tana da gaskiya ta fuskar aiki, amma dabarar Aminu ba ta banza ba ce. Abin da yake yi shi ne mayar da ɗanya ta zama gebrüht da hannunsa, irin wadda Sadiq ya bayyana. Sharaɗi ɗaya: kada ruwan ya tafasa. Wajen digiri 75 zuwa 80, kana ganin ƙananan kumfa a gindin tukunya amma ba ya ɓulɓula. Idan ya tafasa, a cikin ruwan za ta fashe, ka tashi da romo.

Aminu_Milwaukee:
Daidai. Na manta ban faɗi wannan ba.

Baba_Lawal:
Ni fa duk wannan ban yarda da shi ba. Shekarata 26 a ƙasar nan, na zauna a Erfurt, a jihar Thüringen, kafin in koma yamma. Mutanen Thüringen ko murhun gas ba sa yarda a gasa tasu a kai, sai gawayi. Sunan ma Rostbratwurst, wato ta kan ragar gashi. A garin Coburg har da busassun 'ya'yan itacen pine suke hura wutar don ƙamshin hayaƙin ya shiga. Abin da ke fitowa daga tukunyar lantarki zai ƙosar da yaro, ban musa ba, amma ba shi ne ɗanɗanon ba. Ku jira bazara ku fita lambu da gawayi, ko da ta naman san ce, za ku ji bambanci.

Ummu_Sultan:
Baba, a hawa na huɗu nake, kuma yarjejeniyar hayarmu ta hana hura gawayi a baranda. Ga sanyi wata biyar. Yara kuma ba za su jira bazara ba.

Baba_Lawal:
Na fahimta 'yata. Ban ce kada a yi ba. Ina so dai yaran su ɗanɗana ta gawayi ko sau ɗaya, su san yadda take.

Sadiq_Nürnberg:
Baba Lawal ya taɓo tsohuwar gardama kan su wa suka fara yin bratwurst. Mutanen Nürnberg suna kafa hujja da takardar majalisar gari ta shekarar 1313, mutanen Thüringen kuma da wani lissafin kuɗi na gidan ibadar mata a Arnstadt na 1404. Duka biyun yanzu Tarayyar Turai ta kare sunayensu, ba wanda zai yi a wajen yankinsu ya kira ta da sunan. Shi ya sa ba za ku ga ta halal da sunan Nürnberger kai tsaye ba, don ƙa'idar wannan sunan naman alade ce kuma a cikin garin. Abin da za a iya kwaikwaya shi ne ƙamshin, kuma sirrinsa ganyen majoram ne. Ta Thüringen tana da tsawo, santimita 15 zuwa 20, ana ƙara mata wani kayan ƙamshi da ake kira Kümmel, da tafarnuwa.

Wani abin da na koya a ajin Jamusanci: kowa na ɗauka sunan daga braten ne, wato soyawa. Asalinsa daga Brät ne, niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa.

Fati_M:
Ita kanta eya-firayar ai a Jamus aka fara nuna ta, ko? Na taɓa jin haka.

Injiniya_Bash:
A Berlin, a baje kolin kayan lantarki na IFA, shekarar 2010, kamfanin Philips ya fito da ita. Amma wanda ya ƙirƙiro fasahar ɗan Holan ne. Jamusawa Heißluftfritteuse suke ce mata, idan kina neman bayani a bayan leda wannan kalmar za ki duba, wasu kamfanonin sun fara rubuta lokacin a jiki.

Maman_Ilham:
Na ƙaru sosai wallahi. Amma a dawo kan hayaƙin don Allah, maƙwabciyata ta ƙasa har ta hau ta buga ƙofa ranar.

Ummu_Sultan:
Ki zuba ruwa cokali biyu ko uku a ƙasan, ƙarƙashin kwandon, ba a kan naman ba. Man in ya ɗiga a ruwa zai sauka, ba zai ƙone ba. Kada ki cika, fankar na iya watsa shi sama.

Zee_Bonn:
Ni yankan burodi ɗaya nake sawa a ƙasan ya shanye man. Kuma ki duba sama, wajen ƙarfen da ke zafi. Bayan fashewa biyu tabbas mai ya fantsama a can. Ki cire daga soket, ki bari ta huce sarai, ki kifa ta ki goge da ɗanyen tsumma. In ba haka ba ko dankali kika sa sai ta yi hayaƙi.

Abu_Yasir:
Ba a shimfiɗa takardar gashi a kwandon ba? Ai ta fi sauƙin wankewa.

Injiniya_Bash:
Ana yi, amma da hattara Abu Yasir. Kada ka taɓa saka takarda ita kaɗai lokacin ɗumama tukunyar. Iska za ta ɗaga ta ta manna a ƙarfen sama, wuta ke nan. Sai da abinci a kai ya danne ta. Kuma ga sosej ban so ta, don tana toshe ramukan da iska ke bi, sai ƙasan ya zauna cikin mai. Haka ma cunkoso: Maman Ilham, guda shida a kwandonki suna taɓa juna? A bar tazarar yatsa tsakaninsu, kada a ɗora wata kan wata.

Maman_Ilham:
Suna taɓawa kam, ƙaramin kwando ne.

Ɗalibi_Aachen:
Salam. Ni tambayata daban ce. Ina saye da yawa in sa a firiza, in na dawo daga makaranta ba ni da lokacin jira. Za a iya sakawa a daskare?

Nas_Hauwa:
Ana iya yi, amma a nan ne aka fi samun waje ya ƙone ciki da sanyi. Ka fara da 160 kamar minti 5 har su rabu da juna, ka raba su, sannan ka ɗaga zuwa 180 ka ci gaba, kuma ma'auni dole. Abin da ya fi, ka sauko da su firij tun dare. Kada ka bar su a kan teburin kicin su narke tun safe har yamma. Ita ɗanyar ta mahauci ma ba a ajiye ta, ranar da aka saya ake ci ko a daskarar.

Ɗalibi_Aachen:
Na gode Anti. A kan tebur ɗin nake bari, daga yau na daina.

Maman_Ilham:
Jama'a ga rahoto. Na sayo ma'aunin, na goge saman tukunyar kamar yadda Zee ta ce, kuma ba ƙaramin mai na tarar a can ba. Na fito da su daga firij minti 15 kafin lokaci, na shafa musu ɗan mai kaɗan, ruwa cokali uku a ƙasa. Guda huɗu kawai na sa, ban huda ba. Digiri 170 minti 7, na juya da cokali biyu don kada cokali mai yatsu ya soke su, sannan 180 minti 5. Ma'auni ya nuna 73. Na bar su minti 3 kafin in yanka. Babu hayaƙi ko kaɗan, ciki ya dahu kuma da ruwa-ruwansa. Ilham ta ci biyu a burodi da mastad. Amma ɗaya ta ɗan tsage ta gefe duk da haka.

Hajiya_Rabi:
Masha Allah. Wannan ɗayar da kin huda ta da ba ta tsage ba.

Injiniya_Bash:
Ko kuma mahaucin ya cika ta da yawa, ko iska ta maƙale a ciki lokacin ɗuri. Hajiya, ga tsaka-tsaki: idan ana hango kumfar iska a ƙarƙashin fata, a huda wannan wurin kaɗai da allura. Mahautan ma haka suke yi.

Hajiya_Rabi:
To ka ga ka dawo hanya, ko da rabi.

Baba_Lawal:
Maman Ilham, wane mastad kika sa? Mai matsakaicin yaji ake ci da ita, mittelscharf. Mai zaƙin nan na Weißwurst ne, farar sosej ta mutanen München.

Maman_Ilham:
Mai zaƙin na saya Baba, shi yaran suka zaɓa. Zan nemo wancan. Malam Sadiq, majoram ɗin da ka ambata, idan na kai wa mahaucin zai iya haɗa mini da shi, ko sai an sayi kilo da yawa?

Sadiq_Nürnberg:
Nawa yana yi mini daga kilo biyu, idan na faɗa masa kwana ɗaya kafin lokaci. Busasshen ganyen za ki kai, a sashen kayan ƙamshi an rubuta Majoran. Ki ce ya ƙara farin masoro da ɗan gyaɗar ƙamshi, kuma kada ya rage kitse, kashi ɗaya cikin huɗu aƙalla. Naman sa in babu kitse, ko a digiri nawa kika sa shi bushewa zai yi.